Wata takwas da ɗan rediyon Littafi Mai Tsarki a hannun Inna

Abin da na saya wa mahaifiyata ɗan akwati ne na roba, bai fi sabulun wanki girma ba. A bayansa akwai farantin sola, a gabansa lasifika da maɓallai shida, a gefe kuma ramin abin sawa a kunne da na cajar waya. A cikinsa an zuba Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da murya, da Hausa, tun daga Farawa har Wahayi. Ba ya kama tasha ko ɗaya, amma Inna "ɗan rediyona" take ce masa, mu ma muka bi bakinta. Yau watansa takwas a hannunta. Ya sha hunturu, ya sha bazara, yanzu ga shi cikin damina, don haka ina ganin zan iya faɗa wa mai niyyar saye abin da na gani da idona.

Inna tana wani ƙauye a gefen Malumfashi, ni kuwa ina koyarwa a Zariya. Iyayenta Maguzawa ne. Ta ba da gaskiya tana amarya, ta koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci da matar mai bishara take yi wa mata a gindin darbejiyar majami'a bayan an taso daga gona. Duk tsawon rayuwarta littafi biyu ta karanta, Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi, amma ta karanta su har takardun suka yi laushi kamar tsumma. Kullum da asuba, kafin ta hura wuta, sai ta jawo fitila ta yi sura ɗaya tana bin layi da ɗan yatsa. Da wannan ƙus-ƙus ɗin na tashi, ina jin sa ta cikin barci.

Shekara uku da suka wuce ta fara cewa haruffa suna gudun mata. Mun ɗauka yana ce, wadda ake cirewa mutum ya koma gani. Da muka kai ta asibitin ido a Kano, likita ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye jijiyar gani, maganin ɗigawa zai tsare ɗan abin da ya rage ne kawai, wanda ya tafi ba ya dawowa. Ina roƙon duk wanda ya haura shekara 40 ya je a auna masa ido ko ba ya jin ciwo, domin wannan cuta sau da yawa ba ta sallama. A asibitin Inna ba ta ce uffan ba. Sai da muka wuce Gwarzo a hanyar komawa gida ta juyo ta ce mini, "Ke 'yar nan, to Littafina fa?"

Mun gwada dabaru kafin mu kai ga wannan akwati. Jikokinta suna karanta Turanci kamar ruwa, amma in an miƙa musu Hausa sai tuntuɓe, kuma yaro ba ya son a tashe shi da asuba. Na ba ta babbar waya ta shafawa, yatsanta bai san inda zai sauka ba a kan gilashi mai sulɓi. Ƙanena ya zuba mata Sabon Alkawari a memori cikin ƙaramar waya mai tocila, sai ga matsalar caji, tun da wuta ba ta zama a ƙauyen, ga shi yara kan ɗauke wayar su fita da ita.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni labarin wani kantin littattafan Kirista a Kaduna da ke sayar da irin wannan na'ura. Na je ran Asabar cikin watan Nuwamba. Yarinyar da ke tsaron kantin ta burge ni. Ba ta hanzarta ni ba, ta fiddo guda uku ta ce in saurari kowanne, ta nuna mini yadda ake kunnawa, har ta rufe idonta ta gwada latsawa da na gaya mata ga wadda zan saya wa. Farashinsa ya yi kusan kuɗin rabin buhun takin zamani a lokacin, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga malamar makaranta. Suka rubuta mini rasit da alkawarin canji in ya lalace cikin wata uku. Abu ɗaya ne ba su iya gaya mini ba, wato wace fassara ce a ciki. Kwalin ma bai faɗa ba, an dai rubuta "Hausa". Na ɗauka ƙaramin abu ne. Ashe shi ne babba.

Na kai mata shi mako biyu kafin Kirsimeti. Muna zaune a tsakar gida bayan tuwon dare, na kai shi Zabura 23 na ɗora mata a cinya. Da muryar ta ce, "Ubangiji makiyayina ne, ba zan rasa kome ba," sai na ga leɓunanta suna bi. Ta kama akwatin da hannu biyu ta kai shi kunne kamar mai jin saƙon wani daga nesa. Da ya gama ta ce, "Mai da shi baya." Sau huɗu muka mai da shi a daren. Ko da a ce washegari ya faɗa rijiya, da ban yi baƙin cikin kuɗina ba.

Rigimar fassara ta taso ne a rana ta uku. Ta ce in kai ta Yohanna sura 3. Na latsa har akwatin ya ce "Yahaya". Ta ce ba nan ba, Yohanna ta ce. Na ce, "Inna, ai shi ne." Da aka zo aya 16 sai ta ɗaga hannu in tsayar. Ita abin da ke bakinta tun ajin baftisma shi ne, "Gama Allah ya yi ƙaunar duniya har ya ba da Ɗansa, haifaffe shi kaɗai," a ƙare da "rai na har abada." Akwatin kuwa ya ce "makaɗaicin Ɗansa" da "rai madawwami." Ta yi shiru, can ta ce, "Sun canja maganar ne?"

Sai da na zauna na yi mata bayani, ni ma kuma na sake koya wa kaina. Littafin da Inna ta yi shekaru tana bi da yatsa tsohuwar fassara ce, wadda ta fito a 1932, karo na farko da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Babban wanda ya ɗauki nauyin aikin Likita Walter Miller ne na mishan ɗin CMS, wato mishan na cocin Angilikan, wanda ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905 kafin a mai da mishan Wusasa a wajajen 1929, ya kuma yi aikin tare da Hausawan da suka ba da gaskiya da waɗansu mishanoni. Ni da nake wucewa ta gaban tsohuwar majami'ar ƙasa ta Wusasa kusan kowane mako, ban taɓa haɗa ta da baƙin littafin da ke naɗe cikin ƙyalle a ɗakin Inna ba sai a ranar. A wannan fassara ne ake cewa Matta da Yohanna, Misalai, Kubawar Shari'a, Ru'ya ta Yohanna, da Yesu Kristi. Wadda ke cikin akwatin ita ce ta 1979, ta Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, wadda ni na tashi da ita: Matiyu da Yahaya, Karin Magana, Maimaitawar Shari'a, Wahayin Yahaya, da Yesu Almasihu. Akwai kuma ta baya-bayan nan da ake kira Sabon Rai Don Kowa, wadda matasa da yawa ke da ita a waya. Ba wanda ya taɓa saƙon. Ma'anar "haifaffe shi kaɗai" ita ce "makaɗaici". Ni dai a kunnena Hausar 1979 ta fi gudana, ta fi kama da yadda muke magana a gida. Amma wanda ya haddace aya shekara hamsin, kalmomin sun zama kamar turakun ɗakinsa, in ka gusar da ɗaya sai ya ji ɗakin ya karkace.

Ya ɗauke ta kamar wata guda kafin ta saki jiki. Yanzu abin da take yi yana ba ni sha'awa. In an zo ayar da ta haddace sai ta tsayar da akwatin, ta faɗi tata, ta sake kunnawa ta ji tasa, ta auna su. Wani lokaci ta ce tata ta fi nauyi, wani lokaci ta ce, "Ashe abin da ake nufi ke nan." Shawarata ga mai saye ita ce, kafin ka biya ka ce a kunna maka littafi na 43. In ka ji "Yahaya" ka san wadda ka samu, in ka ji "Yohanna" ka saurari 3:16 ka tantance. Ga 'yan'uwa Katolika kuma, wannan akwati littattafai 66 ne a cikinsa, babu bakwai ɗin nan da suka cika naku 73, irin su Tobit da Yudit.

Muryar mai karanta Tsohon Alkawari ta dattijo ce, a natse, ba gaggawa, yana tsayawa inda ya kamata a tsaya. Ba ni da abin cewa a kansa sai godiya. Sabon Alkawari kuwa an yi shi ne kamar wasan kwaikwayo na rediyo, kowane mutum da muryarsa, da kiɗa a ƙasa-ƙasa, da ƙarar iska da ta teku. Yara suna son wannan ƙwarai. Inna ba ta so. Ta ce kiɗan yana shiga tsakaninta da maganar, kuma ba ta ga dalilin da za a sa wa wasiƙun Bulus garaya ba. Na yarda da ita a kan wasiƙun, amma a labarin Bartimawas makaho, a Markus 10, inda ake jin taro yana kwaɓarsa shi kuwa yana ƙara ɗaga murya, na ga hawaye a fuskarta, kuma na tabbata muryoyin sun taimaka.

Wani abu kuma da kunnen Bakatsine ba zai ƙyale ba: biyu daga cikin masu muryoyin ba sa fitar da ƙ da ɗ da ɓ. Sai ka ji ƙasa ta zama kasa, ɗa ya zama da, ɓata ta zama bata. Ba raini nake yi ba. Hausa ita ce harshen sujada na miliyoyin 'yan'uwa a Filato da kudancin Kaduna da Adamawa da Taraba waɗanda suke da harsunansu na gado, kuma su ne suka riƙe wa'azi da waƙa da Hausa fiye da kowa. Amma abin da aka naɗa domin makaho, wanda ba shi da takarda da zai duba ya warware shakka, ya kamata a tsananta wajen furuci. In aka ce "karya" a inda ake nufin "ƙarya", wata maganar ce dabam aka faɗa.

Babban aibin akwatin maɓallansa ne. Su shida duk girmansu ɗaya, duk sumul, a jere kamar ƙwayoyin magani. An zana alama a kan kowanne, amma wa aka zana wa? Littafi Mai Tsarki yana da surori 1,189, kuma hanyar tafiya cikinsu a nan ita ce latsa ɗaya, littafi ɗaya, latsa ɗaya, sura ɗaya. Zabura ita ce littafi na 19. In Inna tana Farawa tana son Zabura 121, sai ta latsa sau 18, sannan ta koma wani maɓalli ta yi ta latsawa. In an danne shi an riƙe yana tsallaka goma-goma, amma ba ya faɗin inda ya kai sai an saki. Aya kuwa ba a zuwa gare ta ko kaɗan, sai dai ka saurari surar tun daga kai, kuma Zabura 119 ayoyi 176 ne. Kuskure ɗaya na yatsa ya isa ya ɗauke ta daga Luka ya jefa ta Markus. A makonnin farko ta kira ni sau da yawa a wayar maƙwabta tana cewa rediyonta ya ɓace mata.

Ƙanena ne ya yi maganin abin. Ya ɗiga gam a kan maɓallin kunnawa ya manna ƙwayar gero, a kan na littafi ya manna guntun zare, na sura ya bar shi sumul. Cikin kwana biyu yatsunta suka gane gari. Gyaran da bai ci ko sisi ba, wanda ya kamata masu ƙera abin su yi tun a masana'anta. Inda suka kyauta shi ne, in ka kashe ka sake kunnawa yana ci gaba daga daidai inda ka tsaya. Wannan kaɗai ya sa Inna ta bar tsalle-tsalle ta kama Farawa 1 ta miƙe.

Maganar caji gajeriya ce. A bazara, wuni ɗaya a kan danga ya ishe ta kwana biyu. A hunturu, da hazo ya rufe rana ƙura kuma ta lulluɓe farantin, sai da aka riƙa goge shi da tsumma ana ƙara masa da caja. Kada a ɗora shi a kan kwanon rufi da tsakar rana, roba ce, namu ya ɗan kumbura a gefe. Ya faɗi a ƙasa ba sau ɗaya ba bai fashe ba. Lasifikar tana isar mutum goma a tsakar gida, in an ƙure ta sai ta fara zizar ƙudan zuma. A wata na biyar ramin caja ya saki. Wa'adin canji ya wuce, kantin suka ce ba su da mai gyara, wani yaro mai gyaran waya a kasuwa ya ɗaure shi da dalma cikin minti goma.

Abin da ban yi tsammani ba, wanda kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan, shi ne yadda sauraro ya bambanta da karatu. Mu a majami'a aya muke ci. Mai wa'azi ya ɗauko biyu ko uku, a makarantar Lahadi a ba da ta hadda, a kalandar bango a buga ɗaya. Inna ma da take sura ɗaya kowace asuba, ta fi zagayawa cikin Zabura da Bishara da wasiƙu. Akwatin nan bai san tsallake ba. Tana ɓarar gyaɗa yana karatu, tana kaɗa miya yana karatu, sura goma a zama ɗaya. Ta haka aka ratsa da ita ta Littafin Firistoci da Littafin Ƙidaya, wuraren da ni kaina ban taɓa bi daga farko zuwa ƙarshe ba. Kuma in an duba, da kunne aka fara karɓar wannan Littafi. A Nehemiya 8, Ezra ya tsaya a dandali ya karanta Shari'a tun da sassafe har tsakar rana jama'a suna sauraro. Bulus ya ce wa Kolosiyawa in an karanta wasiƙarsa a cikinsu a kai ta Lawudikiya a karanta. Wahayi 1:3 ya sa wa mai karantawa albarka, ya sa wa masu ji. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a ɗakin Inna ji ne ya zauna a kujerar gani, kuma ya kawo mata abubuwan da ganin bai kai ta ba.

Cikin watan Maris ta kira ni, muryarta na rawa. Ta ce, "Kin san akwai 'yan mata biyar da suka je gaban Musa neman gonar ubansu?" Littafin Ƙidaya 27 ta ji, labarin 'ya'yan Zelofehad, wanda ya mutu bai bar ɗa namiji ba. Suka tsaya a gaban Musa da firist da shugabanni suka ce don me sunan mahaifinsu zai ɓace, a ba su gādo. Musa ya kai maganar gaban Ubangiji, Ubangiji ya ce gaskiya suka faɗa, a ba su. Dalilin rawar muryarta na san shi. A bayan gidanmu akwai wata gwauruwa 'yar zumuntar mata, mijinta ya rasu bara ya bar ta da 'ya'ya mata huɗu, 'yan'uwansa suka raba gonar a tsakaninsu bisa al'adar da muka gāda cewa mace ba ta cin gādon gandu. Dukansu masu zuwa sujada ne. Ba wanda ya ce kome, har da mu.

Inna ta sa jikanta ya ja ta zuwa gidan fasto, akwatin na ɗaure a bakin zanenta. Ta ce, "Malam, ina so ka ji wani abu." Ta kunna masa. Faston namu mutum ne mai haƙuri da ilimi, bai ji haushi ba. Ya ce, "Inna, na san wurin." Ya bayyana mata cewa doka ce da aka ba Isra'ila game da rabon ƙasarsu, kuma a sura 36 an ƙara sharaɗi cewa 'yan matan su yi aure cikin kabilar ubansu don kada gādon ya fita. Ya ce ba a ɗaukar kowace dokar Musa a ɗora wa ikkilisiya kai tsaye. Amma ya ce halin Allah da ke bayan dokar bai canja ba, ya jawo mata Yakubu 1:27 a kan kula da marayu da gwauraye, da Ayuba 42 inda Ayuba ya ba 'ya'yansa mata gādo tare da 'yan'uwansu maza. Dattawan ikkilisiya suka zauna da dangin sau uku. Ba a mayar da gonar duka ba, kuma har yanzu ɗaya daga cikin 'yan'uwan ba ya gaishe da Inna. Amma an yanka wa matar gayauna mai kyau a gefen fadama, bana ta shuka masara a ciki.

Tambaya ta biyu da akwatin ya tayar mata ita ce ta zakka. Kowace kaka ana karanta mana Malakai 3:10, a kawo dukan zakka cikin ɗakin ajiya, kuma Inna ba ta taɓa fashin fitar da dami ɗaya cikin goma ba, ko a shekarar da fari ya ci dawa. Sai ga ta ta ji Maimaitawar Shari'a 14, inda aka ce a ƙarshen kowace shekara uku a tara zakkar a cikin gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. Ta tambaye ni me ya sa ba ta taɓa jin an yi wa'azi da wannan ba. Ban da amsa. Ba na zargin fastocinmu na ƙauye, na san yadda suke rayuwa, albashinsu sau da yawa hatsin nan ne da ake tarawa, kuma Balawen da ke cikin ayar su ne. Amma maraya da gwauruwa ma suna cikin ayar, a layi ɗaya da shi. Ta kai maganar zumuntar mata ran Alhamis. Abin da suka yanke shi ne kowace mace ta riƙa kawo tiya ɗaya a kan zakkarta, a ajiye a wani buhu dabam da sunan gwauraye. Inna ba ta rage ko zangarniya daga zakkarta ba.

Ba kowace tambaya ce ta ƙare da daɗi haka ba, kuma a nan ne iyakar akwatin take. Yana karantawa, ba ya amsawa. Wani kawunmu da bai rabu da burkutu ba ya ji 1 Timoti 5:23, inda Bulus ya ce wa Timoti ya riƙa shan ruwan inabi kaɗan saboda cikinsa, ya riƙe wannan ya ƙi sakewa, bai tsaya jin Karin Magana 23 ba. Wata rana kuma na iso gida na tarar da yara zagaye da Inna akwatin yana tsakiyar Littafin Mahukunta 19, labarin da babba ma sai ya yi ajiyar zuciya. Ita barci ya ɗauke ta, shi kuwa yana ta yi. Haka Farawa 19 da 38. Maganar Allah ce, ba a ɓoye muguntar ɗan adam a cikinta ba, amma yaro ɗan shekara bakwai yana bukatar babba a kusa. Mutumin Habasha da ke karanta Ishaya a cikin karusarsa, a Ayyukan Manzanni 8, da Filibus ya tambaye shi ko yana fahimta, cewa ya yi ina zai iya in ba wani ya bi da shi ba. Duk wanda zai saya wa tsohonsa wannan abu ya sani bai sayi hutu ba. Tambayoyin Inna sun ninka, kuɗin katin wayata ma haka, kuma na koma buɗe Littafina da daddare don kada ta tambaye ni in rasa ta cewa.

Maƙwabtanmu Musulmi ne ta gabas da ta kudu, tare muke suna da biki da jana'iza. Inna tana rage murya in an kira salla, ba wanda ya ce ta yi. Lokacin da take cikin labarin Yusufu, daga Farawa 37 zuwa 50, matan gidan Alhaji biyu da suka shigo daka suka tsaya har aka kai inda ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa, suna cewa a nan ya yi daidai da nasu, a can ya bambanta. Aka yi hira aka watse lafiya.

Ga wanda idonsa ya raunana, ko wanda bai samu karatu ba, ko mai aikin hannu da ba ya iya riƙe littafi, ina ba da shawarar a saya ba tare da jinkiri ba, a tambayi fassara, a manna alama a maɓallai tun ranar farko, a samo masa 'yar jaka mai igiya ta rataya a wuya. Ga mai ido da ke son nazari, yana bin aya yana komawa baya yana ja mata layi, wannan ba zai maye masa takarda ba, wayarsa ma ta fi shi sauƙin bincike.

Tsohon baƙin Littafin yana nan a ƙarƙashin matashinta cikin ƙyallensa. In za ta saurara da asuba sai ta fiddo shi ta ɗora a cinya, ta ɗora akwatin a kansa. Ran Lahadin da ta wuce na same ta a Irmiya 32, inda annabin ya sayi gona a Anatot alhali sojojin Babila sun kewaye Urushalima. Ta tsayar ta tambaye ni shekel goma sha bakwai nawa ne a kuɗin yanzu, da kuma ko an taɓa noma gonar. Na ce zan bincika in kira ta ran Laraba. Goggona ta Kafur, wadda ita ma idonta ya fara hazo, ta aiko a saya mata nata, kuma wannan karon da gam da ƙwayar gero a jakata zan tafi Kaduna.